Yadda za ka raba 'yan talla da masu kiran gaggawa a akwatin imel na netwok ɗinka

Wata safiya da damina, ina kan babur wajen Ƙofar Ƙaura, wayata ta yi ƙara. Injiniyan kamfanin da ke sayar mana da intanet a sari ne. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, sau uku muna turo maku saƙo, shiru. Mun rufe ɗaya daga cikin adireshinku tun asuba." Rautar wani kwastomanmu, wato na'urar da ke raba masa intanet, ce aka yi wa kutse, ana amfani da ita ana kai wa wasu hari a wata ƙasa. Da na isa ofis na tarar da yaron da ke koyon aiki a wurina ya riga ya buɗe akwatin abuse@, inda ake turo mana ƙorafi. Ya ce, "Oga, wallahi na duba jiya, tallace-tallace ne kawai." Gaskiya ya faɗa, iyakar abin da idonsa ya gani. Saƙonnin ukun suna nan, amma sun nutse tsakanin mai son ba mu hayar adireshin IPv4 (tsohon tsarin lambobin da ake gane na'ura da su a intanet), da mai sayar da wayar fayiba, da mai cewa zai ɗaga shafinmu a Google, da mai sayar da jerin sunayen mahalarta taron da ba mu taɓa zuwa ba. Ranar, wani shagon buga takardu da wata makaranta sun wuni babu intanet, kuma laifinmu ne.

Tun daga ranar na daina ɗaukar wannan talla a matsayin ƙaramin abin haushi. Abin da zan shimfiɗa a nan na duk wanda ke riƙe da netwok ne, ko mai raba intanet a unguwa, ko ma'aikacin sashen kwamfuta na jami'a, asibiti ko ma'aikata, a Katsina, Daura, Funtuwa ko Malumfashi.

Abin da ya sa suke samunka

Ba satar adireshin suka yi ba, kai ka kafa shi a bainar jama'a, kuma haka ya kamata. Tun 1997 wata takardar ƙa'ida mai lamba RFC 2142 ta tsara sunayen akwatunan da ake sa ran samu a wurin mai netwok: abuse@ don ƙorafi, noc@ don matsalar layi, security@ don tsaro, postmaster@ don harkar imel, hostmaster@ don DNS, tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshi. In ka karɓi lambar AS (lambar da ake gane netwok ɗinka da ita) ko adireshin IP daga AFRINIC, hukumar da ke raba su a Afirka daga ofishinta na Morishiyos, bayananka suna cikin kundin WHOIS, wanda ke nuna mai kowane adireshi, kowa na iya gani. In ka yi rajista a PeeringDB, kundin masu netwok da ke neman haɗa layi, don haɗa layi da wasu a IXPN, mahaɗar intanet ta Najeriya, can ma akwai. Waɗannan akwatuna tamkar ƙofar zaure suke, wadda maƙwabci zai buga da tsakar dare in ya hango hayaƙi a gidanka. Mai talla ya gane cewa ƙofa ce da ba a kullewa, kuma a bayanta akwai mutumin da ke da ta cewa wajen sayen kaya.

Ba yau aka fara ba. A 1978 wani ɗan tallan kamfanin DEC mai suna Gary Thuerk ya tura tallan sabuwar kwamfuta ga ɗaruruwan mutanen ARPANET, netwok ɗin da ya haifi intanet, a Amurka, daga kundin adireshinsu ya kwaso su. Wannan saƙon ne ake yawan kira saƙon shara, wato spam, na farko.

Don haka kulle ƙofar ba mafita ba ce. Na san wani abokin sana'a da haushi ya sa ya goge abuse@ ɗinsa gaba ɗaya. Talla ta ragu, ƙorafi ma ya daina zuwa, sai da adireshinsa suka shiga baƙin kundi, jerin adireshin da ake ƙin karɓar saƙonsu, kafin ya ji labari.

Da farko, ƙirga ƙofofinka

Ka ɗauki takarda ka rubuta duk inda adireshin imel ɗinku ya bayyana. Buɗe shafin binciken WHOIS na AFRINIC, ka sa lambar AS ɗinka, sannan ka sa kowane rukunin IP da ke hannunka. Duba wa aka rubuta a admin-c da tech-c, wato mai kula da gudanarwa da mai kula da fasaha, da kuma adireshin ƙorafi. Duba PeeringDB. Duba rajistar sunan shafinku, in na .ng ne ta hannun wanda ya yi maku rajista a ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng. Duba shafinku na intanet, har da tsofaffin takardun PDF da aka ɗora aka manta.

Abin da kusan kowa ke tararwa shi ne sunan wani da ya bar aiki shekara biyu da suka wuce, da imel ɗinsa na Gmail, da lambar wayarsa ta gida. Cire su. Maimakon sunan mutum, ka yi amfani da rajistar muƙami, wadda a kundin ake kira role, mai ɗauke da adireshin aiki kamar noc@. Mutum yana tafiya, muƙami yana nan. Kuma ma'aikacinka ya huta da kiran ɗan talla daga wata nahiya lokacin da yake cin tuwo da iyalinsa.

Na biyu, ka ba kowace ƙofa sunanta

Kada adireshi ɗaya ya ɗauki komai. Ƙorafi daban, matsalar layi daban, haɗin layi da wasu kamfanoni daban. Sannan ka buɗe wani akwatin musamman don masu son sayar maka da kaya, ka rubuta a shafinku cewa duk mai talla ya nufi can. A rajistar WHOIS akwai layin remarks, ka rubuta jimla ɗaya da Turanci cewa waɗannan adireshin na aikin netwok ne kawai, ba a karɓar talla. Wannan ba zai hana mai taurin kai ba, amma ranar da za ka kai ƙara hujja ce a hannunka.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce kowane wurin da na kafa adireshi na ba shi laƙabinsa. Wanda ke PeeringDB daban da wanda ke WHOIS, daban da wanda na rubuta a fom ɗin taro, amma duk suna zubowa akwati ɗaya. In talla ta zo, kallo ɗaya nake yi wa adireshin da aka turo ta in san daga wace rijiya aka ɗebo. Wasu suna amfani da alamar tarawa, kamar noc+pdb@, yana aiki, sai dai manhajar masu kwasar adireshi tana iya yanke abin da ke bayan alamar. Laƙabi cikakke ya fi.

A PeeringDB kuma kowane bayanin tuntuɓa yana da zaɓin wanda zai gan shi. Wanda ba dole duniya ta gani ba, ka mayar da shi sai mai rajista.

Na uku, rariya, amma da hankali

A nan mutane suka fi yin kuskure, don haka zan daɗe.

Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya tsaurara matatar shara a kan abuse@ har komai ya tsaya. To, ka tuna mene ne aikin akwatin. Mutumin da kwastomanka ya tura wa saƙon damfara, in zai kawo ƙorafi, saƙon damfarar zai haɗo da shi a matsayin shaida. Matatar ba ta san bambancin ɓarawo da wanda ya kamo ɓarawo ba, za ta ga kalmomin damfara ta jefar da duka. Garin neman gira sai a rasa ido.

Ƙa'idar da nake bi: a kan abuse@ da noc@ matatar ta yi alama, kada ta goge. Ko SpamAssassin kake amfani da shi, ko Rspamd, ko Google Workspace, ko Microsoft 365, ka saita ta yadda saƙon da ake zargi zai tafi wata jaka ta musamman, ba kwandon da ke share kansa ba. Jakar nan wani zai leƙa ta kullum, da safe kafin a fita gyara. Minti biyar ya isa in ana yi kullum. In aka bari ta yi mako, ba wanda zai so buɗe ta.

Sannan ka juya tunanin. Maimakon ka ƙare ƙarfinka wajen gane ɗan talla, ka fara da gane mutanenka. Rubuta jerin waɗanda saƙonsu ba ya jira: kamfanin da ke ba ka layi, IXPN in kana haɗe da su, afrinic.net, hukumar sadarwa ta NCC, ngCERT mai kula da tsaron intanet na ƙasa, Spamhaus mai tara baƙin kundi, da Shadowserver, wata gidauniya da ke aiko wa masu netwok rahoton na'urorinsu da suka kamu kyauta in sun yi rajista. Saƙon waɗannan ya tafi jakar gaggawa, ya kuma yi ƙara a wayar wanda ke kan aiki. Amma ka ɗaura wannan izinin a kan cewa saƙon ya ci jarrabawar DKIM ko DMARC, hanyoyin tantance cewa daga mai sunan ya fito, domin sunan da ke layin From kowa na iya rubuta shi.

Bayan haka ne za ka sa ƙa'idojin kama talla. Kwana bakwai ka yi kana tara saƙonnin, za ka ga kalmominsu ba su da yawa: hayar IPv4, farashin SFP (ɗan ƙarfen da ake haɗa fayiba da na'ura da shi), jerin mahalarta, neman minti goma sha biyar na ganawa. Duk saƙon da ke da layin List-Unsubscribe, na cire suna, a kansa kuma ba daga jerin mutanenka ya fito ba, akwai yiwuwar na turawa ne a dunƙule, ya tafi jakar dubawa. In da hali, ka haɗa akwatunan da manhajar tikiti irin su Request Tracker, osTicket ko Zammad, don kowane ƙorafi ya sami lamba da mai shi. Da muna da wannan a wancan lokacin, da saƙo uku ba su kwana ba wanda ya ɗauka.

Na huɗu, gane wa ke sallama

Ba duka ɗaya suke ba. Akwai ɗan kasuwa na gaskiya wanda bai san ladabin wurin ba. Akwai injin turawa, wanda zai aiko yau, ya sake bayan kwana uku da "Re:" a take kamar kun taɓa magana, ya sake bayan mako yana tambayar ko ka ga na baya, alhali ba mutumin da ya zauna ya rubuta. Sai kuma ɗan damfara da ya sa rigar ɗan kasuwa.

Don ka bambance, buɗe asalin saƙon. A Gmail ka danna ɗigo ukun nan ka zaɓi "Show original", a Thunderbird ka danna Ctrl da U. Nemi layukan da suka fara da Received. Kowace saba (kwamfutar da ke miƙa imel) da saƙo ya ratsa tana ɗora nata a sama, saboda haka na can ƙasa su ne mafi tsufa, kuma mai turawa na iya ƙirƙirar su. Wanda za ka yarda da shi shi ne wanda sabar ku ta rubuta da kanta lokacin da ta karɓa. Adireshin IP da ke cikinsa shi ne wanda ya miƙo maku saƙon hannu da hannu. Ka bincika shi a WHOIS ka ga na waye, ka rubuta adireshin ƙorafinsu.

Sai ka duba layin Authentication-Results, inda za ka ga sakamakon SPF (wata hanyar tantancewar) da DKIM da DMARC. Cin wannan jarrabawa ba shaidar gaskiya ba ce, yana nuna kawai cewa mai sunan shafin ne ya turo. Don haka ka duba ranar da aka yi rajistar sunan. In makon jiya aka yi shi, kuma ya yi kama da sunan wani sanannen kamfani da ƙarin harafi ɗaya ko wata kalma a gaba, ka yi hattara. Duba Reply-To ma, ko ya saɓa da From.

Tayi biyu nake so ka fi kula da su. Na farko mai cewa ka ba shi hayar adireshin IPv4 da ba ka amfani da su, zai biya da dala duk wata. Dalilin yawan wannan tayin a fili yake: IPv4 ya yi ƙaranci a duniya, AFRINIC ma tun Janairun 2020 ta shiga matakin da ba ta ba mai nema fiye da adireshi 1,024 a lokaci ɗaya. Kuɗin yana da daɗin ji, musamman ga mai sayen dizal kullum. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. In wanda ya karɓa ya yi watanni yana watsa shara da su, sunanka ne a kundi, kuma wanke adireshin da ya shiga baƙin jeri aiki ne mai cin rai. Kada ka sa hannu a takardar ba wani izinin shelar adireshinka sai ka karanta yarjejeniyar da ke tsakaninka da AFRINIC, ka kuma tambaye su. Na biyu shi ne takardar biyan kuɗi da ke cewa an canja lambar asusu, ko za a ƙwace lambobinku in ba a biya yau ba. Kada ka danna komai a ciki. Shiga MyAFRINIC, shafin mambobin AFRINIC, da hannunka ka duba, ko ka kira wanda ka saba magana da shi ta lambar da kake da ita tun da.

Na biyar, amsa ɗaya, ko shiru

Ɗan damfara ba a ba shi amsa. Ka kashe buɗe hotuna kai tsaye a manhajar imel ɗinka ma, domin ƙaramin hoton da ido ba ya gani shi ke gaya masu an buɗe saƙon.

In saƙon ya fito ta sanannen kamfanin turawa irin Mailchimp, maɓallin cire suna yana aiki, ka danna. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka fara tsaurara wa masu tura saƙo da yawa, cikin sharuɗɗan har da sauƙaƙa cire suna da dannawa ɗaya. In kuwa ba ka san mai sabar ba, bar maɓallin, dannawa na iya zama tabbatar masu cewa akwai mai karantawa.

Ɗan kasuwa na gaskiya kuma ina ba shi amsa ɗaya. Na rubuta ta da Turanci na ajiye, kwafa kawai nake yi. Abu huɗu ta ƙunsa: wannan adireshi na gaggawar netwok ne, a cire shi da duk sauran namu daga jerinku, a gaya mana inda aka samo shi, in an sake turowa za mu kai ƙara wurin mai ba ku sabis. Babu zagi. Na ga abokan aiki suna rubuta shafi guda na faɗa, ni ban ga ribarsa ba. Galibi wanda zai karanta ƙaramin ma'aikaci ne da aka ɗora wa adadin da zai tura a rana, kuma duniyar netwok ƙarama ce, gobe kuna iya haɗuwa a taro.

Doka tana bayanka, iya gwargwado. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum damar ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla kai tsaye, kuma hukumar kare bayanai ta NDPC ce ke karɓar ƙorafi. A Amurka dokar CAN-SPAM ta 2003 ta ba mai turawa kwanakin aiki goma ya daina bayan an ce ya daina. Turai na da dokar kare bayanai ta GDPR tun 2018. Sai dai dokokin kare bayanai mutum suke karewa, saboda haka hujjarka ta fi ƙarfi in adireshin mai ɗauke da sunan ma'aikaci aka tura wa, ba noc@ ba.

Na shida, kai ƙara da toshewa

Wanda ya sake bayan an hana shi, ka tura ƙorafi zuwa abuse@ na kamfanin da sabar tasa take. Ka haɗa saƙon a matsayin maƙala, cikakke da duk layukan samansa. Hoton fuskar kwamfuta ba ya amfanar su. Rubuta gajere: ga saƙo, ga ranar da na ce a daina, ga maimaici. SpamCop, shafin kai ƙarar saƙon shara, na iya taimaka maka gano inda ya dace a tura. In laƙabin ya nuna daga PeeringDB aka kwaso, ka sanar da su, domin ƙa'idarsu ta hana amfani da bayanan don talla.

Sannan ka toshe sunan shafinsa. Kada ka toshe gmail.com ko outlook.com gaba ɗaya saboda mutum ɗaya, da yawa daga cikin masu ƙorafi na gaskiya daga can suke rubutowa. In sabar imel a hannunka take, ka ƙi karɓar saƙon tun a bakin ƙofa da lambar 550, wadda ke nufin an ƙi karɓa, da ɗan bayani, don in an toshe wani bisa kuskure ya sani ya nemi wata hanya. Kada ka karɓa sannan ka mayar daga baya, domin in adireshin mai turawa na jabu ne, wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba zai sha saƙonninka.

Akwai abin da ya fi toshewa tasiri: kada ka saya. Ina da ɗan kundi na kamfanonin da suka yi talla ta ƙofar gaggawa bayan an hana su, na kuma ba mai kula da sayayya kwafi. Wata rana ya ce mini, "Injiniya, ai nasu ya fi araha." Na ce, "Ranka ya daɗe, in muka saya yau, mun koya masu cewa hanyar tana ci." Ya yarda. In kun haɗu da 'yan'uwa a taron ngNOG, ƙungiyar masu netwok ta Najeriya, ku faɗa wa juna sunayen kamfanonin, amma a bar sunan ƙananan ma'aikatansu. Kuma ka leƙa gidanka: in kuna da masu neman kwastoma, ka tabbata ba WHOIS suke buɗewa suna kwasar adireshin wasu ba.

Abin da za ka yi tun kafin rana ta ɓaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka karɓi lambar wayar ɗakin kula da layi na kamfanin da ke ba ka intanet, ka ba su taka ta aiki, ku amince cewa in abu ya kai a rufe layi za a kira, ba imel kaɗai ba. Ka kuma duba inda akwatin noc@ yake zaune. In yana kan sabar da ke cikin ofishinku, ranar da masu aikin hanya suka tsinke fayiba, ko aka ɗauke wuta batir ya ƙare, saƙon da ke bayanin matsalar ba zai iso ba. Ka ajiye shi a wajen netwok ɗinku.

Ranar ɗaya ga kowane wata, ni da yaron nan muna yin gwaji. Daga wani adireshi na waje yake tura wa abuse@ ƙorafin gwaji, ya manna wani tsohon saƙon shara a ciki kamar yadda mai ƙorafi na gaske zai yi, ya tura wani zuwa noc@. Sai mu duba agogo mu ga jakar da kowanne ya faɗa da mintin da ya ɗauka kafin waya ta yi ƙara. In ya ɓace, ranar ba a fita aiki sai an gano ƙa'idar da ta haɗiye shi an gyara.